Sha'irin da Matattu Ke Ciyarwa

Duk wanda ya taɓa shan kofi a rumfar Kang Darpan, nan bakin gadar da ruwan rinin yadin batik ke bi ta ƙarƙashinta yau ja gobe shuɗi, ya san Pak Tarjuki ko bai so ba. Shi ne mai baƙar riga da baƙin wando a garin da rana ke narka kwalta, mai sumar da ta zubo har kafaɗa ta gefe da gefe alhali tsakiyar kan ta daɗe da yin ƙaura. Tabar kanumfari ba ta rabuwa da bakinsa, sai dai babu wanda zai rantse ya taɓa ganin ya saya. In baƙo ya tambaye shi sana'arsa, sai ya ja numfashi, ya dubi can wajen teku, ya ce shi sha'iri ne, da irin muryar da likita ke gaya wa dangi a yi haƙuri.

Ba ƙarya yake yi ba, gaskiya ce dai da ta kwana biyu. Tun yana saurayi wata jarida a Semarang ta buga masa waƙa guda a shafin Lahadi, daidai ƙasan tallar maganin basir. Ya yanke ta, har da rabin tallar, ya sa a gilashi ya rataye a ɗakin baƙi. Duk ranar da ruwan teku ya taso ya shigo mana gidaje, yadda ya saba yanzu ba ko sallama, wannan gilashin Tarjuki ke fara cirowa ya ɗora a ka. Katifa da buhun shinkafa kuwa aikin matarsa ne. A ƙasan waƙar ba a rubuta Tarjuki ba, domin a ganinsa wannan sunan masu jan taru ne. Segara Wening ya raɗa wa kansa, kuma tun daga ranar yake jiran garinmu Pekalongan ya koyi kiransa da shi. Shekara talatin da wani abu ke nan, garin bai samu sukuni ba tukuna.

Ba ya tashi da wuri, domin ya ce ilhama a barcin bayan asuba take zuwa, kuma rashin ladabi ne baƙuwa ta zo ta tarar ba ka nan. Da hantsi yakan zauna gaban tsohuwar tafiretarsa ya buga layi biyu, ya zaga ɗaki, ya dawo ya soke ɗaya. Waƙoƙinsa duk a kan teku ne, da kaɗaici, da wani abu da yake kira "babu", wanda ya ce masu ilimi a manyan birane sun san shi. Ya aika su jaridun Semarang da Surabaya da Jakarta, da jaridun suka daina shafin waƙa ya koma aikawa gasa. Ba wanda ya taɓa ba shi amsa, kuma ya san dalili: 'yan Jakarta sun haɗa baki, kowa na buga na abokinsa. Ya faɗi wannan a rumfar kofi har Kang Darpan kan ƙarasa masa maganar in tari ya sarƙe shi.

Abu guda yake so a duniya, bai kuma taɓa ɓoyewa ba: littafi, da sunansa a jiki, kafin ya mutu. Ya riga ya zaɓi launin bango. Ya tsara jawabin ranar ƙaddamarwa, da wurin da zai dakata a tafa, da sunayen waɗanda zai yafe wa a bainar jama'a don su ji kunya. Sa hannu ma ya gwada shi a bayan kwalayen tabar mutane har ya ƙware.

Wadda ke riƙe da gidan matarsa ce, Bu Rukayah. Kafin kiran asuba ta hura wuta, gari na wayewa ta kafa teburinta a bakin lungu, tsallaken rumfar Kang Darpan, tana ƙunsa wa masu tuƙa becak, keken haya mai ƙafa uku, da 'yan aikin batik shinkafa da kwaɗon megono a ganyen ayaba. Gajeruwa ce, kakkaura, ba ta da yawan magana. Akwai benci a bayanta wanda ba a taɓa ganin ta zauna a kai ba, kwandon ganye ne ke zama. Da shinkafar nan ta yi wa 'yarsu Nuning makaranta har ta aurar da ita, da ita ta ɗaga daɓen gida saboda ruwa. In Tarjuki ya biyo ta madafa da sabuwar waƙa, takan saurara har ƙarshe tana gurza kwakwa, ta ce, "Madalla, Pak. Miƙo mini wuƙar can." Daga nan ya yanke hukunci cewa Allah ya ba shi mace ta gari amma ya hana ta kunne, kuma yana yawan tuna wa kansa cewa ya yafe mata.

To amma akwai abin da rumfar kofi ba ta sani ba. In mamaci ya cika kwana arba'in, ai danginsa kan buga ɗan littafin Yasin da addu'o'i, da hotonsa a bango, a raba wa duk wanda ya zo sadaka. Masu buga irin wannan littafi a garinmu sun fi masu gyaran babur yawa, don haka Haji Sobirin, mai maɗaba'ar bayan kasuwa, ya nemi abin da zai fi su da shi. Ya ƙara shafi guda a gaba, na 'yan baitoci a kan mamacin, kasuwa kuwa ta buɗe masa. Mai rubuta baitocin Tarjuki ne. Yakan je ranar Alhamis da tsakar rana, lokacin da masu hankali ke ƙailula, ta ƙofar baya inda ake zubar da yankakkun takardu, ya karɓi ɗan hasafinsa ya fito yana waige-waige kamar wanda ya je wurin boka. Sharaɗi guda ya kafa wa Haji, har da sa shi rantsuwa: kada sunansa ya fito, na yanka ko na aro, kada kuma wani ɗan Adam ya ji. Ba za a ce Segara Wening na yi wa gawa kwalliya don kuɗin kan sarki ba.

Da farko kowane mamaci da nasa baitocin. Da ya ga matattu ba sa ƙorafi, sai ya rubuta waƙa uku ya huta: ta ɗaya ta maza, ta biyu ta mata, ta uku ta yara. Ta biyun nan a tsaye ya rubuta ta, a bayan wata yankakkiyar takarda, Haji na kansa, masu mamaciya na jira a waje, kafin kofinsa ya huce ya gama.

Ta rufe tukunya, ta share ƙofar gida,
Ta kau da takalma daga hanya kada wani ya yi tuntuɓe.
Da za ta fita ba ta tashe mu ba.
Ya Allah, ta daɗe a tsaye, Ka ba ta wurin zama.

Ka ga ikon Allah. Waƙoƙin Segara Wening ba su taɓa wuce akwatin gidan waya ba, amma ta biyu babu gidan da ba ta shiga ba a unguwannin bakin teku. Ba a yar da ita, ba a ƙunsa soyayyen tempe na waken soya da ita, domin Yasin na ciki. Da alwala ake buɗe ta. Wane marubuci ne a Jakarta zai bugi ƙirji ya ce masu karatunsa sai sun yi alwala? Tarjuki bai taɓa kallon abin ta wannan fuska ba. Kunyarta yake ji, har zuciyarsa ya raina ta.

Don haka, kuma don kada a zarge shi, ya mai da ita abin wasa a rumfar kofi. "Waƙar tukunya da takalma" yake kiranta. Yakan miƙe, ya ɗaura tsumman goge tebur a ka, ya karanta ta da muryar tsohuwa mai kuka, ana dariya har da buga benci. Ya sha cewa wanda ya rubuta ta, ko wane ne, ya kamata hukuma ta ɗaure shi da laifin cin zarafin adabi. Rukayah na tsallaken titi tana jin komai, tana ƙunshinta ba ta ɗago kai. Sau ɗaya Yu Wasripah, maƙwabciyarsu mai kyafaffen kifi, wadda bakinta ba shi da linzami, ta tsallako ta ce masa da waƙar nan aka sallami uwarta, in bai iya yin irinta ba ya ja bakinsa ya yi shiru. Ya yi murmushin mai tausayin jahilai, ya ce Allah ya kiyashe shi da yin irinta.

Wata safiya, a tsakiyar ciniki, Rukayah ta sauke kwandon ganye ta zauna a kan bencin nan. Wani mai becak da ke jiran ƙunshinsa ya tsokane ta, ya ce yau kam za a yi ruwa da ƙanƙara. Ta jingina da bango, ludayi a hannunta, shi ke nan. Sai da aka aika aka taso Tarjuki daga barci.

A yi masa adalci, ya yi kuka, kukan gaske. Ya zauna a gida bai san inda sukari yake ba, bai san wane mabuɗi ke buɗe wace ƙofa ba, da asuba shirun madafa ya riƙa hana shi barci. Yana son matar nan ta hanyar da ya iya, wato yadda mutum ke son bangon da yake jingina da shi. Amma ranar sadakar uku, yana zaune a tabarma ana shigowa gaisuwa, Nuning ta durƙusa kusa da shi ta tambaye shi a hankali wa za a ba bugun Yasin na arba'in. Nan take wani abu ya haska a kansa. Littafi. Wannan karon shi ne mai mamaciya, shi ke da ta cewa a kan abin da za a sa, ko da yake mijin Nuning ne zai biya. Ya ji kunyar tunanin har la'asar. Bayan la'asar ya gane ilhama ce.

Makonni ya yi yana fama da tafireta, Nuning na kai masa abinci da sanɗa don ta ɗauka baƙin ciki yake fitarwa. Abin da ya fito waƙa ce shafi uku cur, mai suna "Makokin Tsibiri". Ga yadda ta fara:

Ya ke teku mai haɗiye shuɗin dawwama,
Ni ne tsibirin da aka bari a bakin babu,
Ni ne fitilar da ke makokin inuwar kanta.

Haka ta ci gaba, ni ne wannan, ni ne wancan, har ƙasa. Rukayah ta fito sau ɗaya a shafi na biyu a matsayin farin tsuntsu, ita da ta yi rayuwarta tana korar tsuntsaye daga kan teburin shinkafa.

Ranar da ya kai waƙar maɗaba'a ta ƙofar gaba ya shiga, karo na farko, da hantsi, kowa na gani. Haji Sobirin ya yi masa gaisuwa, ya sa tabarau ya karanta shafi ukun har ƙarshe, wanda wannan kaɗai ya isa a rubuta masa lada. Sannan ya ajiye, ya daɗe yana daidaita bakin takardun a kan tebur. Ya ce akwai maganar da aka ba shi ajiya. Bara, bayan an sallamo Bu Rukayah daga asibiti lokacin da aka ce hawan jini ne, ta zo nan da ƙunshin shinkafa, ta ce in tata ta zo, ta biyu take so a sa mata, kada a canja ko kalma.

Tarjuki ya ce ai duk matan garin nan haka suke, abin da suka saba ji shi suke so.

"Ba haka ta ce ba, Pak," in ji Haji. "Cewa ta yi, cikin duk abin da mijinta ya rubuta, ita kaɗai ta gane daga farko har ƙarshe."

Tarjuki ya ce, "Haji, ka yi mini rantsuwa fa."

"Na yi, ban kuma karya ba. Wa kake tsammani ya zo nan tun farko ya ce mini yana da mai rubutu a gida yana zaman banza, in gwada shi, amma in yi kamar ni na nemo shi? Ni da ban san ka ba sai a wajen roƙon taba."

Tarjuki ya lalubi kujera ya zauna. Duk ranakun nan da yake ɗaura tsumma a ka yana kwaikwayon tsohuwa, tana tsallaken titi, ta san wanda ya rubuta, tana ƙunshinta. Kunya ta kama shi har wuya. Ya miƙa hannu zai janye takardunsa, kuma da Haji ya bar shi haka, da wataƙila labarin nan ya ƙare da daɗi. Amma Haji ɗan kasuwa ne, ba ya son a ce ya tauye mai mamaciya. Ya juyo da kwamfutarsa ya ce bari dai ya nuna masa yadda kowacce za ta fito, ya zaɓa. Ya buga ta biyu, layi huɗu, ƙasanta fili fetal. Ya buga farkon ɗayar, ya rubuta a ƙarƙashin kanta: Segara Wening.

Tarjuki bai ƙara ganin sunan nan da haruffan ɗab'i ba tun ranar maganin basir. Ga shi nan baƙi wuluk a kan fari, yana kallonsa. Hankalinsa ya shiga aikin da ya fi ƙwarewa a kai, wato samo wa zuciya hujja. Rukayah, Allah ya ji ƙanta, ba ta san adabi ba. Tawali'u ne ya sa ta zaɓi abin gama-gari. Ashe daidai ne a sallami matar sha'iri da baitocin da aka sallami uwar mai kyafaffen kifi da su? Ai raini ne. Ta cancanci abin da ya fi haka, kuma shi kaɗai zai iya ba ta. Kafin ya gama har ya fara jin cewa sadaukarwa yake yi.

"A sa sabuwar," ya ce.

"Wasiyya ce fa, Pak."

"Ba wasiyyar gado ba ce. A sa sabuwar." Ya ɗan matso kusa da kwamfutar. "Sunan nan, ba za a ɗan ƙara masa girma ba?"

Haji ya dube shi ta saman tabarau, ya ce matarsa ce, littafinsa ne. Ya ƙara wa sunan girma.

Ranar arba'in aka kafa rumfa a lungu, aka shimfiɗa tabarmi daga ƙofar gida har bakin titi, ruwan teku ma ya yi kara bai taso ba. Bayan la'asar jama'a suka cika fiye da yadda Tarjuki ya zata. Masu becak sun jera kekunansu har gada, 'yan aikin batik sun zo da rini a hannuwansu, mata sun cika ɗaki da baranda. Mutanen da ta ciyar ne, amma shi ya ɗauka labarin waƙar ne ya bazu. Ya sa sabuwar baƙar riga, ya zauna inda zai ga fuskoki, da alƙalami a aljihun gaba ko wani zai nemi sa hannu.

Aka raba littattafan, kore da ruwan zinari a gefe, da hoton Rukayah a bango wanda aka yanko daga hoton bikin Nuning, tana tsaye. Mutane suka dubi hoton, wasu suka shafa shi da yatsa. Suka buɗe, suka ga rubutu, suka juya. Suka ga wani, suka juya. Suka lashi yatsa suka sake juyawa har suka isa Yasin, sannan suka gyara zama. Kang Darpan kaɗai ya yi masa zumunci, ya karanta layi biyu leɓɓansa na motsi, ya ɗaga kai ya dubi rufin rumfa kamar mai neman inda yake yoyo, shi ma ya juya. A bayansa Tarjuki ya ji wani na tambayar na kusa da shi ko mene ne Segara Wening, aka ce masa wataƙila kamfanin da ya yi takardar ne.

Liman ya ja Yasin aka bi shi, aka yi hailala, aka shafa. An fara miƙo kwalayen abincin sadaka ke nan sai muryar Yu Wasripah ta fito daga baranda, ba ta ko rage ta ba. Ta ce ita fa ta duba gaba da baya ba ta ga waƙar ba. Wata ta ce mata ga waƙa nan har shafi uku. Ta ce ba wannan ba, ta mata, wadda ake sa wa kowa. An sa wa uwarta, an sa wa yayarta, ashe Rukayah ce za a sallama babu ita, matar da ta fi su duka cancanta? Nuning ta yi ƙoƙarin lallashinta, ina, tsohuwar ta rufe littafin ta ɗora a cinya, ta fara da ka.

"Ta rufe tukunya, ta share ƙofar gida."

A layi na biyu matan baranda suka kama. A na uku na cikin ɗaki suka shigo, sannan maza, masu becak da muryoyinsu na taba, har da Kang Darpan da ya fi kowa buga benci in ana wasa da ita. Ba wanda ya duba takarda. Sun sallami uwaye da mata da 'yan'uwa da ita, ta zauna musu a ka ba su ma sani ba.

Shi kuwa ranar ya fara jin ta. Tukunyar da ake rufewa tasu ce, mai lanƙwasasshen murfi. Takalman da ake kawarwa nasa ne, waɗanda yake watsarwa a bakin ƙofa kullum, da safe ya same su a jere a gefe bai taɓa tambayar wa ya jera ba. Wanda ba a tasa in za a fita, shi ne. Ranar da ya rubuta ta yana sauri bai samu lokacin yin ƙarya ba, sai ya rubuta abin da ke gidansa. Ita ta gane kanta a ciki tun farko, shi ne bai gane ta ba, ya ɗaura tsumma a ka. Da aka zo "ta daɗe a tsaye, Ka ba ta wurin zama," lungu ya ce amin, Nuning ta kifa kai a cinyar wata, Tarjuki ya kasa riƙe kansa. Ya yi kukan da ya fi na ranar mutuwar, har mutane suka tausaya masa.

Da aka tashi ana fita ana gaisawa da shi, Yu Wasripah ta tsaya a gabansa da kwalin abincinta a hannu. Idonta ya yi ja, amma bakin na nan yadda yake.

"Pak Tarjuki, ba don in ƙara maka zafi ba. Na san ka yi ƙoƙari, shafi uku ba wasa ba ne. Amma da ka bar wa mutumin Haji Sobirin aikinsa. Shi ko wane ne, ya zauna da mace, ya kalle ta. Kai ka yi ta tekunka."

"Ai shi cewa ya yi a ɗaure mutumin," in ji Kang Darpan daga baya, yana share ido yana ɗan dariya don a sassauta.

Tarjuki ya buɗe baki. "Ni ne" kawai zai ce, maganar da ya cika shafi uku da ita ba ta taɓa yi masa nauyi ba. Abin da ya tsufa yana jira ga shi a gabansa: unguwa guda ta haddace waƙarsa, ta yi kuka da ita, tana yabon wanda ya rubuta. Ya dubi Haji Sobirin da ke gefe yana ɗaure bakin ledar kwalinsa. Haji ya yi rantsuwa, kuma mutum ne mai cika rantsuwa, bai ɗago ba. In Tarjuki ya faɗa, dariya za a yi, a ce baƙin ciki ya taɓa shi. In kuma aka yarda, Yu Wasripah za ta yi tambaya ta gaba, a gaban Nuning: in kai ka rubuta, me ya sa ka hana ta?

"Gaskiyarki, Yu," ya ce. "Ya fi ni."

Ta gyaɗa kai, ta ce ai sanin haka ma wani abu ne, ta wuce.

An buga littattafan da yawa, domin Tarjuki ya sa an ninka ko za a nema daga wasu garuruwa. Ragowar na nan a ɗaure a ɗakin baƙi, ƙarƙashin gilashin jarida, ba halin ya yar da su ko ya ba masu ƙunshi. Waɗanda aka raba kuwa sun shiga kabad a gidajen lungu, kusa da na sauran matattu, inda za su fi shi daɗewa. Ya dai samu abin da ya roƙa: littafi, da sunansa a jiki da manyan haruffa, kafin ya mutu.

Har yanzu yana zuwa rumfar Kang Darpan da baƙar rigarsa, har yanzu 'yan Jakarta sun haɗa baki. Wasan tsumma ne kawai ya daina, in an roƙe shi ya ce maƙogwaronsa na ciwo. Yakan zaɓi bencin da ya ba tsallaken titi baya. Takalmansa kuwa, inda ya watsar da su a bakin ƙofa, nan yake samun su da safe.